Tauri daban, ƙarfi daban

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan aka gasa ƙarfe ya yi jawur, aka tsunduma shi a ruwa, shi ke nan ya gama yin ƙarfi. Tauri dai ya samu, amma taurin gilashi ne. Sari ɗaya a kan icen kirya, sai bakin gatarin ya ɓalle.

Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Iyakokin da ke tsakaninsu su ke tare zamewa da tsagewa, don haka idan ƙwayoyin sun fi ƙanƙanta, ƙarfen ya fi juriya. Barin shi ya daɗe cikin wuta mai tsanani kuwa girmar da su yake yi. Dubi bakin wuƙar da ta karye: idan ya yi ɓarje-ɓarje kamar tsakin masara, wuta ce ta yi masa yawa.

Don rage wancan taurin gilashi ne gogaggen maƙeri yake sake ɗumama ƙarfen a hankali bayan tsomawa, idonsa a kan launi. Ruwan karan dawa, wajen digiri 230 a ma'aunin Celsius, ya dace da wuƙa. Shuɗi, kusan 300, na abin da zai lanƙwasa ya dawo ne, kamar sifirin.

Ƙarfen da ba shi da isasshen kabon (sinadarin gawayi) ma, ko sau goma ka tsoma shi, da ƙyar zai ƙara tauri.