Moduretic: maganin hawan jini mai sa fitsari

Moduretic sunan kasuwa ne na wata ƙwayar maganin hawan jini da ta haɗa sinadarai biyu: amiloride miligiram 5 da hydrochlorothiazide miligiram 50. Kamfanin Merck na Amurka ne ya fara fito da ita. Tana cikin rukunin magungunan da ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta hanyar fitsari, shi ya sa marasa lafiya da yawa suka fi saninta da "maganin fitsari". Ta daɗe a asibitocin Najeriya, har sunan ya bi bakin mutane: a kantunan magani na Legas mai saye kan ce a ba shi Moduretic alhali abin da za a miƙo masa na wani kamfani ne daban mai ɗauke da sinadaran nan biyu.

Asali

Masu bincike na Merck ne suka samar da chlorothiazide a ƙarshen shekarun 1950, kuma hydrochlorothiazide ya biyo baya a 1959. Kafin nan magungunan hawan jini kaɗan ne, masu wahalar da mai shan su. Sai dai sabon maganin ya zo da nasa aibin, domin yana zubar da fotasiyam, sinadarin da bugun zuciya da ƙarfin tsoka suka dogara da shi. Amiloride, wanda aka gano a shekarun 1960, ba shi da ƙarfin sauke jini sosai shi kaɗai, amma yana riƙe fotasiyam. Dalilin haɗa su ke nan a ƙwaya guda.

Yadda yake aiki

A makonnin farko jini na sauka ne saboda ruwan jiki ya ragu. Daga baya yawan fitsarin kan lafa, amma maganin na ci gaba da aiki domin jijiyoyin jini sun saki. Mutane da dama kan ɗauka ya daina aiki da zarar fitsari ya daidaita, su ajiye shi, kuma kuskure ne.

Rukunin magungunan da hydrochlorothiazide ke ciki na karɓar baƙar fata sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan da ake farawa da su a ƙa'idojinta na 2021. Binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6 aka kuma wallafa a 2019, ya nuna cewa amlodipine haɗe da hydrochlorothiazide ya fi perindopril haɗe da hydrochlorothiazide sauke jini (amlodipine da perindopril wasu magungunan hawan jini ne).

Ƙa'idar sha

Miligiram 50 na hydrochlorothiazide da ke cikin ƙwayar awon tsohon zamani ne. Yau an fi ba da 12.5 zuwa 25 don hawan jini, saboda abin da ya haura haka ƙarin illa ya fi kawowa fiye da ƙarin amfani. Shi ya sa likitoci kan rubuta rabin ƙwaya a rana, kuma ba rowa ba ce ko tsimin kuɗi. Ana sha da safe don kada fitsari ya hana barci. Wanda ya manta jiya ba ya haɗa biyu yau.

Ana bukatar gwajin jini na ƙoda da gishirin jiki kafin a fara, da kuma lokaci-lokaci bayan haka. Nan ne aka fi samun giɓi, domin awon hawan jini a hannu ana yin sa ko a kemis, amma gwajin ƙoda sai an je ɗakin gwaji, a asibitocin koyarwa irin LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja ko manyan asibitocin jiha.

Haɗurran sun fi fitowa ta fuska uku. Na farko faɗuwar sodiyam, wato sinadarin gishiri da ke cikin jini, wadda ta fi kama tsofaffi, musamman mata: kasala, tashin zuciya, ruɗewa, wani lokaci har suma. Iyali kan danganta wannan da tsufa ko iska, alhali maganin ne. Na biyu hauhawar fotasiyam ga mai ciwon ƙoda ko mai ciwon suga, ko wanda ya haɗa shi da wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone ba tare da sa idon likita ba. Wannan na iya rikita bugun zuciya babu wata alama a gaba. Na uku bushewar jiki. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko direban tanka da ya wuni a layin Apapa cikin zafi, yana zubar da gumi mai yawa, kuma da yawansu kan rage shan ruwa don gudun neman wurin kewayawa a cunkoso. Idan aka ƙara da ibuprofen ko diclofenac na ciwon jiki, waɗanda ke rage ƙarfin maganin suna kuma takura ƙoda, an haɗa abin da ke kai mutum asibiti. Mai zawo ko amai ya tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani kafin ya ci gaba da sha.

Maganin na iya tayar da ciwon gaɓɓai mai kumbura babban yatsan ƙafa, ya ɗaga suga, ya kuma rage ƙarfin wasu maza, abin da ba kasafai ake faɗa wa likita ba sai dai a daina sha a ɓoye, alhali akwai madadi. Tun 2018 hukumomin magani na Turai suka yi gargaɗi cewa daɗewa ana shan hydrochlorothiazide na ƙara haɗarin sankarar fata, batun da ya fi shafar zabiya. Ga mai ciki, methyldopa ko nifedipine ko labetalol aka fi bayarwa.

Mai azumi ya ga likita kafin Ramadan, domin sau da yawa akan mayar da lokacin sha zuwa bayan buɗa baki ko a canza maganin. Gishiri da dunƙule da yajin tsire da kilishi duk suna karya aikinsa. Kanwa ma sodiyam ce mafi yawanta. Gishirin da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini kuwa fotasiyam ne a ciki, bai dace da mai shan amiloride ba.

Samuwa a Legas

Ainihin Moduretic ba kullum ake samunsa ba, kuma ya fi tsada. Akwai Normoretic na kamfanin Neimeth da ke Legas, da wasu da yawa da ake shigowa da su, galibi daga Indiya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, shekarar da kamfanin magani na Birtaniya GSK ya sanar da daina kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya, farashin magungunan waje ya tashi, masu saye suka ƙara karkata ga na gida. Canza kamfani ba laifi ba ne muddin sinadaran da awonsu ɗaya ne, kuma kwalin na ɗauke da lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abin da ya fi canjin suna haɗari shi ne ninki. Magungunan hawan jini irin su Co-Diovan da Exforge HCT suna da hydrochlorothiazide a cikinsu, Natrilix SR kuma indapamide ne, ɗan gida ɗaya da shi. Wanda ya karɓi magani a Kano ko Sakkwato, ya dawo Agege aka rubuta masa wani, yana iya shan abu ɗaya sau biyu bai sani ba. Lasix kuwa furosemide ne, an fi ba da shi don kumburi da ciwon zuciya, ba madadin Moduretic ba ne. Maganin ninki shi ne a riƙa zuwa asibiti da kwalayen duka.

A doka, magani ne da sai da takardar likita, kuma kantin da ke da rajistar hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magani ne ke da izinin sayar da shi, ban da ƙananan kemis da masu talla a faranti. Kaso mai yawa na maganin da ke yawo a unguwanni daga kasuwar Idumota yake fitowa, wadda NAFDAC ta rufe na wani lokaci a farkon 2025 tare da ta Onitsha da ta Aba a samamen jabun magunguna. Ƙwayar da aka yanko daga kati aka sayar ɗai-ɗai ba ta da lambar da za a duba, kuma zafi da laimar Legas na lalata ta idan an ajiye ta a buɗe.