Wa ke tsara makomar Git? Tambayoyin 'yan ajin Asabar a Agege

Duk Asabar bayan la'asar nakan zauna da wasu matasanmu na Agege masu koyon rubuta manhaja, a bayan shagon wani mai gyaran waya. Makon jiya ɗayansu ya shigo da labarin wai Git 3.0 na tafe, sai darasin da na shirya ya bi ruwa, aka koma tambaya da amsa. Ga waɗanda suka tsaya mini a rai.

Malam, tukuna ma, mene ne aikin Git ɗin?

Kundin tarihin aiki ne. Duk sauyin da ka yi wa rubutun manhaja, yana ajiye shi da sunanka da lokaci da dalili, yadda in ka yi ɓarna yau za ka iya komawa jiya. Linus Torvalds ne ya fara shi a Afrilun 2005, bayan an janye wa masu gina Linux damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke ajiye tarihin aikinsu da ita. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamar ga Junio Hamano, kuma har yau shi ke riƙe da ita.

To wa ke cewa ga abin da za a yi baɗi?

Ba wani kamfani da ya mallaki Git. Ma'aikatan Google da GitHub da GitLab da Microsoft suna zuba aiki a ciki, amma kowa da imel yake aiko da facinsa, wato sauyin da yake so a shigar, a duba, a yi masa gyara, wani lokacin ya sake aikowa sau biyar ko shida.

Tsarin yana cikin rassa huɗu, wato layukan aiki daban-daban, da Hamano ke kula da su. Sabon faci yakan fara sauka a seen, wato an gan shi, ba a yi masa alkawarin komai ba. In ya samu karɓuwa sai ya shiga next, inda masu ƙarfin hali ke gwada shi a aikinsu na yau da kullum. In ya kwana biyu bai fasa wa kowa komai ba, ya wuce master, daga nan sabuwar siga ke fita, kusan duk wata uku. Na huɗun, maint, na gyaran kurakuran sigar da ta riga ta fita ne. A kai a kai Hamano yakan fitar da sanarwa mai suna What's cooking, wato me ke kan wuta: wannan ya kusa nuna, wancan yana jiran mai shi, wancan kuma za a sauke shi. Taswirar makomar Git ke nan a aikace.

Me ya sa suke jan ƙafa haka? An ce tun 2017 ake maganar sauya SHA-1.

Nan ne gizo ke saƙar. Kowace ajiya a Git, wato sauyin da aka adana, tana da lambar shaida mai haruffa 40, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinta ta hanyar SHA-1. A cikin kowace ajiya kuma an rubuta lambar wadda ta gabace ta. Ka ga sarƙa ke nan: ka taɓa zobe ɗaya, duk na bayansa sun sauya.

A Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da takardun PDF biyu mabambanta masu lambar SHA-1 iri ɗaya. Abin da ake tsoro ya tabbata: ana iya musanya abu da na bogi lambar ba ta sauya ba. Matakin farko toshe ɓaraka aka yi: a shekarar aka sa Git ya riƙa gane irin wannan harin. A 2018 aka zaɓi SHA-256 mai haruffa 64 a matsayin magaji, a Oktoban 2020 siga ta 2.29 ta fito da shi don gwaji. Har yanzu yawancin rumbunan duniya, wato ma'ajiyar ayyukan da ke kan Git, a kan tsohon suke.

Ku tuna gyaran gadar Third Mainland. Ba a rufe ta gaba ɗaya aka ce mutanen Legas su zauna a gida ba. Galibi hannu ɗaya aka riƙa rufewa, motoci na bin ɗayan. Haka nan ma. Tsofaffin lambobin suna cikin rahotannin kurakurai, da takardun kamfanoni, da na'urorin da ke gina manhaja da kansu. Ga shafukan da ke ajiye rumbuna, ga wasu manhajojin da ke karanta Git irin su libgit2 da JGit, duk sai sun shirya. Rubuta sabon lissafin shi ne ɓangare mai sauƙi. Ni dai ban ga laifin jinkirin ba, duk da na san akwai masu ganin ya yi yawa.

In za a karya wani tsohon abu, yaya ake yi?

Sai an yi shela tukuna. Kafin Git 2.0 ya sauya halin umarnin push, mai tura aiki zuwa rumbun da ke nesa, a Mayun 2014, tun 2012 yake buga wa mutane gargaɗi a allo. Yanzu ma akwai takarda a cikin rumbun Git kansa mai suna BreakingChanges, wadda ta lissafa abin da 3.0 zai sauya: sababbin rumbuna su fara da SHA-256, reshen farko ya koma main maimakon master, a koma ajiye sunayen rassa da tsarin reftable, a kuma buƙaci harshen Rust wajen gina shi. Tsofaffin rumbunanku za su ci gaba da buɗuwa.

Wani abin ma ba a kashe shi sam. A 2019 aka kawo umarnin switch da restore don rage wa checkout, mai sauya reshe da dawo da fayil, kaya, amma checkout na nan daram, saboda hannun miliyoyin mutane ya saba da shi.

Malam, mu masu sayen data kaɗan-kaɗan fa, ana lissafi da mu?

Wata ɗaliba ce ta yi wannan, kuma ita ta fi sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Gaskiya, mai babbar matsala da ma'aikata a hannu shi ya fi juya akalar. Da Microsoft ta kwashe rubutun Windows zuwa Git a 2017, kusan gigabait 300 da fayil miliyan 3.5, dole aka nemo hanyar sauko da ɓangare kawai. Mun ci albarkacinsu: yau kina iya sa --filter=blob:none ki bar tsofaffin fayiloli a can sai kin buƙace su. Akwai kuma --depth 1, wanda ya girme shi, mai kawo ajiyar ƙarshe kaɗai.

Amma ga inda aka bar mu. Wata rana ina sauko da wani babban rumbu da intanet ɗin wayata, ya kai kashi 90 cikin 100, sabis ya ɗauke. Clone, umarnin sauko da rumbu, ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Daga farko na sake, data ta tafi a banza. Wanda ke zaune a ofis mai intanet kamar ruwan famfo ba zai ji zafin wannan ba. Dabarar da nake yi yanzu: wani a Yaba ya ɗaure mini rumbun da git bundle, in karɓa a filashi.

Mu da ƙaramin aikinmu, me za mu kwaikwaya?

Ku ware reshen gwaji, kada sabon abu ya faɗa kai tsaye inda kwastoma ke amfani. Ku buɗe fayil ɗaya ku rubuta abin da kuke shirin karyawa da dalili. Ya ishe ku a yanzu.

Ɗan Agege zai iya sa hannu a Git kansa?

Ƙwarai. Akwai GitGitGadget, wanda ke mayar da aikinka na GitHub zuwa imel irin wanda suke karɓa, kuma Git na ɗaukar sababbin hannu ta shirye-shiryen Google Summer of Code da Outreachy. Sannan ga fassara: saƙonnin Git suna nan da Faransanci da Jamusanci da Turkanci da harshen Indunusiya, babu Hausa.

Da na faɗi haka sai gardama ta ɓarke kan me za a kira commit. Ni na ce ajiya, ɗalibar nan ta ce ƙulli ya fi, tunda ƙulla aikin ake yi da na baya. Ana cikin haka aka kira magariba, mai shago ya fara jawo ƙofa.