Ɓawo da ruwan rogo: ina mai inji zai kai su?

Me ke fitowa daga injin sarrafa rogo ban da gari da sitaci?

Abu uku ne: ɓawo, da ruwan da ake matsewa daga gurzajjen rogo, da dusar da ke saura bayan an tace sitaci. Ɓawon kan kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin rogon, gwargwadon hannun mai feraya. Tan ɗaya na rogo kuma kan fitar da ruwan matsa wajen lita 250 zuwa 300.

Wanne ya fi haɗari?

Ruwan, nesa ba kusa ba. Rogo, musamman mai ɗaci, yana da sinadarin linamarin, wanda da zarar an gurza shi yake rikiɗewa zuwa gubar sayanaid, kuma kaso mai yawa na gubar ruwan take bi. Akuya ko tunkiya ta sha ɗanyensa, tana iya faɗuwa nan take. Ga tsami mai ƙona ƙasa: duba inda yake kwanciya a bayan inji, za ka ga wurin ya yi baƙi, ko ciyawa ba ta fita. In ya gangara rafi, sitacin da ke ciki ya ruɓe ya cinye iskar da kifi ke shaƙa.

To ya za a yi da shi?

Kada a sake shi cikin kwata. A malale wurin matsa da siminti, a ɗan karkata shi ya zuba cikin tanki. A bar ruwan ya kwana. Da safe za a tarar da farin sitaci ya kwanta a ƙasa, a kwashe a shanya, kuɗi ne. Ruwan sama a tura shi kududdufi na farko mai zurfin mita 2 zuwa 4, inda ƙwayoyin halitta ke narka dattin, daga nan ya wuce na biyu mai faɗi, wanda bai wuce zurfin mita ɗaya da rabi ba, don rana da iska su ƙarasa. Gubar kan zama tururi ta bi iska ko da a zafin da bai wuce digiri 26 ba, shi ya sa faɗin ke da amfani. A daɓe gindin kududdufan da yumɓu ko leda mai kauri, a kewaye su saboda yara da dabbobi, a kuma nisanta su da rijiya aƙalla mita 30.

Ana samun gas na girki daga cikinsa?

Ana samu, amma nan mutane ke yawan kuskure. In an ɗura shi zalla, tsaminsa kan kashe ƙwayoyin da ke samar da gas ɗin. Sai an gauraya da kashin shanu, an rage tsamin da farar ƙasa ko toka, ana kuma zuba shi kaɗan-kaɗan.

Ɓawon fa, dabbobi za su iya ci?

Sosai, in an sarrafa shi. Masana na cibiyoyin binciken kiwo da noma na ILRI da IITA a Ibadan sun fito da hanyar da ta rage shanyar kwana biyu ko uku zuwa awa shida ko takwas: a tsince itace da duwatsu, a gurza ɗanyen ɓawon har sau uku, a zuba a buhu a danne da jak ya kwana, a farfasa curin, a tankaɗe, a baza shi siriri a rana. Tan uku na ɗanye kan ba da kusan tan ɗaya busasshe. Sharaɗin shi ne a fara a ranar da aka fere. Ɓawon da ya kwana biyu a tsibi ya yi zafi ya kama fumfuna, taki kawai ya dace da shi. Kuma furotin ɗinsa kaɗan ne, sai an haɗa da waken suya ko makamancinsa kafin a ba kaji.