Buster Keaton

Joseph Frank Keaton, wanda aka fi sani da Buster Keaton, darakta ne kuma ɗan wasan barkwanci na Amurka a zamanin da fim ba shi da murya. An haife shi ranar 4 ga Oktoba, 1895, a Piqua ta jihar Kansas, ya rasu a Los Angeles ranar 1 ga Fabrairu, 1966.

Tasowa

Iyayensa 'yan wasan dandamali ne masu yawo gari-gari, kuma tun yana ƙanƙane suka sa shi a sana'ar. Mahaifinsa kan sure shi ya yi jifa da shi a gaban 'yan kallo. A nan ya koyi faɗuwa ba tare da jin rauni ba, ya kuma gane cewa in ya ɗaure fuska jama'a sun fi dariya. Keaton ya ce shahararren mai dabo Harry Houdini ne ya laƙaba masa "Buster", amma masana tarihi na tababa. Ya shiga fim a 1917 a hannun ɗan wasan barkwanci Roscoe Arbuckle, ya fara cin gashin kansa a 1920.

Salo

In aka zo wurin kasada, Keaton kan ja kyamara baya ya bar ta tana ɗauka, don mai kallo ya tabbatar abin ya faru da gaske. A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gida sukutum, mai nauyin wajen tan biyu, ya rikito masa yana tsaye, ya tsira ta ramin taga ko gezau bai yi ba. A Sherlock Jr. na 1924, ruwan tanki ya maka shi a kan layin dogo har ƙashin wuyansa ya tsage, bai sani ba sai bayan shekaru kamar goma.

Gwanintarsa ta fi fitowa a The General na 1926, wanda suka shirya da darakta Clyde Bruckman a jihar Oregon. Kan jirgin ƙasa na gaske ya sa aka hau da shi gada mai cin wuta, ta karye, ya afka kogi. Ɓaraguzan sun zauna a wurin har zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacin.

Bayan haka

Ya koma kamfanin MGM a 1928, inda ragamar aiki ta kuɓuce masa; daga baya ya ce bai taɓa kuskure kamar wannan ba. An ba shi lambar yabon fim ta Oscar ta girmamawa a 1960. Jackie Chan na cikin masu cewa sun ɗauki darasi daga gare shi.