Waiwaye: Kufan masana'antu a Amurka da kuɗin hanyar zuwa gare su

A tsakiyar birnin Atlanta akwai wani fili mai eka 138, inda kamfanin Atlantic Steel ya yi kusan shekara ɗari yana narka ƙarfe. Da wutar ma'aikatar ta mutu a 1998, sai aka bar kufai, ƙasa duk dalma da kashin maƙera. Kwashe gubar aiki ne, amma ba shi ne ƙashin bayan matsalar ba. Wani katafaren titi ne ya shiga tsakanin filin da unguwar Midtown mai tashar jirgin ƙasa: ga ta kana hange, ba ta inda za ka bi sai an yi gada. Ita kuwa Atlanta a lokacin hannunta a ɗaure yake, an hana ta kashe kuɗin tarayya kan sabbin tituna saboda hayaƙin motoci ya wuce ƙa'ida.

Ƙullin irin waɗannan kufai ya faro ne daga unguwar Love Canal, a jihar New York. Can aka gina gidaje da makaranta a kan ramin da wani kamfani ya binne tan dubu 21 na sharar sinadarai, har gubar ta fara tsattsafowa cikin ɗakunan mutane. Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a 1978, a 1980 kuma ya sa hannu a dokar da ake kira Superfund. Doka ce mai haƙora: duk wanda fili yake hannunsa ana iya ɗora masa kuɗin tsabtacewa, ko da ba shi ya zuba gubar ba. Wa zai yarda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi? Bankuna suka ja da baya, magina suka koma gonakin bayan gari, ayyukan yi suka bi su. Aka bar mazauna tsoffin unguwanni, da yawansu baƙar fata marasa mota, suna maƙwabtaka da shingen waya da ciyawa. Wasu unguwannin ma tun dokar manyan tituna ta 1956 aka tsaga su gida biyu, kamar Rondo a Saint Paul da Overtown a Miami.

Hukumar kare muhalli, EPA, ta fara gyara a 1993 da tallafin gwaji na dala dubu 200 ga gundumar Cuyahoga ta jihar Ohio. A Janairun 2002 George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta sauke nauyin daga kan mai saye da bai ji ba bai gani ba. Hukumar ta ƙiyasta irin waɗannan filaye sun haura dubu 450. Sai dai kuɗinta na awon ƙasa ne da kwashe gurɓatacciya. Na gada da tashar bas da hanyar masu tafiya a ƙasa yana aljihun ma'aikatar sufuri, wadda ta daɗe tana kauce wa gurɓataccen fili, sai a 1998 ta sassauta.

A Atlanta dabara aka yi. EPA ta yi lissafi ta ga cewa idan aka gina gidaje da ofisoshi a wannan kufai, zirga-zirgar mota ba za ta kai ta ginin bayan gari ba. Da wannan hujja aka lasafta gadar a matsayin matakin rage hayaƙi, kuɗin ya fito. An buɗe ta a 2004, da layin bas da na keke da faffaɗar hanyar ƙafa, unguwar Atlantic Station da aka gina a kan filin kuma ta biyo baya a 2005.

A 2009 ne aka sa EPA da ma'aikatun sufuri da gidaje su riƙa zama a tabarma ɗaya, aka kuma ƙirƙiro tallafin gasa na ayyukan sufuri mai suna TIGER, wanda ya sauya suna har sau biyu cikin shekara goma sha biyu. Gasar kanta da sauran magana. Garin da ke da ƙwararrun rubuta takardar neman tallafi shi ke gaba, wanda ya fi shan wahala sau da yawa ko ma'aikacin ba shi da shi. Inda kuma gyaran ya karɓu, kuɗin haya kan tashi, waɗanda suka shaƙi ƙurar shekara da shekaru su tattara nasu-i-nasu.

Dokar ababen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta ware dala biliyan 1.5 don kufan masana'antu, da biliyan 1 don sake haɗe unguwannin da tituna suka raba. A 2022 aka ƙara kimanin biliyan 3 na sauƙaƙa shige da fice a unguwanni. A Yulin 2025 majalisa ta janye duk abin da ba a riga an ƙulla yarjejeniya a kansa ba daga wannan kaso na ƙarshe, har da na garuruwan da aka riga aka sanar cewa sun ci gasar.