Bin sawun bairos a cikin ruwan laka: tambayoyi da amsoshi

Wane ruwa ne likitoci ke ɗiba a bayan mara lafiya?

Ruwan laka ne, wato ruwa garau da ke kewaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Babban mutum na ɗauke da kusan mililita 150, kuma jiki na samar da kusan 500 a kullum, saboda haka ɗan abin da aka ɗiba nan da nan yake komawa. Ana kwantar da mara lafiya ta gefe ɗaya, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, likita ya soka siririyar allura a ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan ya riƙa ɗiga cikin 'yar kwalba. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya bayyana wannan dabara tun 1891.

To me furotin da ke cikin ruwan ke nunawa?

Sanƙarau na bakteriya, irin wanda ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya a 1996, ba ya ɓoye kansa sosai: ruwan kan gurɓace, sukarinsa ya faɗi, furotin ya yi sama. Bairos kuwa sau da yawa ruwan garau yake fitowa, furotin ya ɗan haura miligiram 45 a kowace desilita, wato iyakar da aka saba gani a mai lafiya, shi ke nan. Alhali ga yaro kwance da zazzaɓi, yana jijjiga, bai gane mahaifiyarsa ba. A gida wani ya ce maleriya ce ta hau kai, wata ta ce iska ce. Jimillar furotin ba ta warware wannan gardama, shi ya sa masu bincike suka koma tambayar wane irin furotin ne ya ƙaru.

Ba ga gwajin PCR ba?

Yana nan, kuma shi ne kan gaba. Sai dai shi ɓarawon kansa yake nema, wato ƙwayar halittar bairos ɗin. A kumburin ƙwaƙwalwa da bairos ɗin herpes ke jawowa, gwajin na iya cewa babu komai a kwana ukun farko, ga shi cutar na kashe kusan bakwai cikin goma idan ba a ba da maganin aciclovir ba. Wasu kuma, kamar bairos ɗin West Nile da sauro ke yaɗawa, kafin a zo asibiti sun yi ƙaranci a ruwan. Furotin shi ne sawun da aka bari a baya.

Waɗanne furotin ake nema?

Wanda ya riga ya shiga aiki shi ne IgM, makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don takamaiman bairos. Da ƙyar yake tsallakowa daga jini, don haka ganinsa a ruwan laka na nuna yaƙin a ƙwaƙwalwa ake yin sa. Da shi ake tabbatar da West Nile da kumburin ƙwaƙwalwa na Japan. Haka ma mummunar cutar nan da kan biyo bayan ƙyanda bayan shekaru, da makaman garkuwa ake gane ta.

Sauran suna matakin bincike. CXCL10 kiran gayya ne ga fararen ƙwayoyin jini, yana hauhawa sosai idan bairos ya shiga. NfL kuma daga jijiyoyin da suka lalace yake zubowa, yana nuna girman ɓarna. Matsalarsu ɗaya: wasu cututtukan ma na ɗaga su. Dalili ke nan da ake amfani da na'urar da ke tantance ɗaruruwan furotin a ɗigo kaɗan, ana neman haɗin uku ko huɗu da za su yi nuni tare.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka bayyana a 2007: wani lokaci garkuwar jiki ce da kanta ke kai wa ƙwaƙwalwa hari, ta far wa wani furotin mai suna NMDA receptor. Alamun sun yi kama da na bairos, magani kuwa daban, domin nan garkuwar ake kwantarwa.

Idan likita ya nemi cire ruwan baya, a yarda?

A yarda. Na san tsoron da ake yi, cewa yana shanye ƙafa ko ya ƙarasa mutum. Galibi sai ciwo ya yi nisa ake kai mara lafiya, sai laifin ya faɗa kan allura. Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Likita kan duba tukuna ko akwai alamar matsi a cikin kai, kuma idan ya zargi herpes ko bakteriya, yakan fara magani tun kafin sakamako ya fito.