Lambun tsakar gida a Katsina: tambayoyin da aka fi yi mini

Tun da na jera buhunan kayan miya a tsakar gidanmu, maƙwabta da 'yan uwa ba su bar ni na huta ba. Kusan kowa da "wane magani zan saya?" yake fara tambaya, alhali sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Ƙasar gidanmu rairayi ce zalla. Za ta yi shuka kuwa?

Za ta yi, in an taimake ta. Ƙasar Katsina da Daura jigawa ce: ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ya tsiyaye, ya kuma tafi da abincin shukar. Haɗa kashi 2 na ƙasa da kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, in ka samu lakar fadama ka ƙara kaɗan don ta riƙe danshi. Buhun shinkafa ko bokitin fenti ya isa, amma a huda gindinsa. Tumatir, attarugu da kuɓewa, tushe ɗaya a buhu ɗaya. Na san ido ba ya so, amma uku a buhu ɗaya ganye kawai za su ba ka. Alayyahu da latas ba su da doguwar saiwa, tsohuwar roba ma ta wadatar.

Akwai awaki da kaji a gida. In kwashi kashinsu in zuba kai tsaye?

A'a, Hajiya. Ɗanyen taki yana da zafi, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa. Ki tara shi a gefe, ki riƙa yayyafa masa ruwa kina juyawa, har wata 2 zuwa 3. In ya yi baƙi, warin ya tafi, ya daina ɗumi a hannu, ya nuna. Kafin ki zuba a buhu ki tsince gwazarmar da ke ciki ki jefa wa kaji. Takin zamani kuwa, irin NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi buhu, a binne shi nesa da gindin shuka, a bi shi da ruwa.

Ruwa sayen shi muke yi wurin 'yan garuwa. Ta yaya zan rage?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a garin nan. Masu lambu a Ajiwa ko Jibiya suna da dam a gefensu, kai kuwa jarka kake ƙirgawa. Abu na farko, rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, ka bar 'yar tazara a gindin shukar. Wannan kaɗai yana hana rana da iskar hunturu shanye ruwan. Na biyu, ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin ka zuba, cusa yatsa cikin ƙasar. In da sauran danshi, haƙura. Shukar da ta yi yaushi da tsakar rana ta kuma miƙe da magariba ba ƙishi take ji ba, zafi ne.

Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk kada a zubar. Ruwan wanki mai garin sabulu dai a nisanta shi da buhu, gishirin da ke cikinsa yana taruwa ya kashe ƙasar. Akwai kuma tsohuwar dabara: a binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwan yana tsattsafowa a hankali, saiwoyi su zagaye shi.

Tumatirina ya yi kyau, amma furen zubewa yake yi.

Yaushe ka dasa? In a watan Maris ko Afirilu yake fure, zafin bazara ne. Da zarar zafi ya haura digiri 35, furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya yadda ya kamata, kuma babu feshin da zai gyara wannan. Shi ya sa masu noman rani suke yafa iri wajen Oktoba, su dasa bayan mako 4 ko 5, ya yi fure cikin sanyin hunturu. Da bazara ka koma wa alayyahu, kuɓewa da zogale. Da damina, yakuwa, rama da lalo.

Ganye ya nannaɗe, yana danƙo, ga kiyashi na hawa da sauka.

Juya ganyen ki duba bayansa. In kin ga ƙananan ƙwari kore ko baƙaƙe sun cunkushe, darɓa ce. Zaƙin da suke fitarwa shi kiyashin ke bi. In kuma kin girgiza shukar wasu fararen 'yan ƙudaje sun tashi kamar gari, su ma tsotsar ganye suke. Dukansu a bayan ganye suke ɓuya, shi ya sa mai kallon shuka daga sama ba ya ganinsu sai abu ya ɓaci.

Maganin yana ƙofar gida: bedi, wanda wasu ke ce wa darbejiya ko dogon yaro. Ki tara 'ya'yansa da suka nuna, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki fasa ki daka ƙwayar. Kimanin giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma, a ɗiga ruwan sabulun sanda kaɗan don ya kama ganye. A fesa da yamma, domin rana tana karya ƙarfinsa, a kuma tabbatar ya jiƙa bayan ganyen. A maimaita duk mako. Ganyen bedi ma yana yi, sai dai bai kai ƙwayar ƙarfi ba. Kada ki sa ran ganin gawar ƙwari nan take: hana su ci yake yi da hana su girma, sai bayan kwanaki a ga sun ragu. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su ce bai yi ba.

Gargaɗi ɗaya: fararen ƙudajen nan suna yaɗa cutar da ke sa tumatir ya tsumbure, ganyensa ya ƙanƙance ya yi rawaya. Wadda ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a fitar da ita daga gidan.

Tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 tana shiga lambun gida?

Tana shiga. Ita ce Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a waccan shekarar ɓarnarta ta kai har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsar tana shiga cikin naman ganye, sai a ga fararen tabo kamar an kankare shi, daga baya ta huda 'ya'yan. Da yake a ciki take, feshi ba ya cika isa gare ta. Amma mai buhu goma ya fi mai kadada sa'a: yana iya bin ganye ɗaya-ɗaya kowace safiya, ya tsinke wanda ya kamu ya ƙone. Bayan girbi kada a bar tsohon tushe a buhu, kada kuma a maye gurbinsa da gauta ko attarugu, dangi ɗaya ne.

Gindin 'ya'yan tumatir yana baƙi yana lotsewa. Ƙwaro ne?

Ba ƙwaro ba ne. Ban ruwa ne ba daidai ba, yau a cika gobe a manta. Daidaita shi, 'ya'yan gaba za su fito lafiya.

In fesa piya-piya mana, in huta?

Kada ka soma, Malam. Guba ce mai ƙarfi, ga yara suna wasa a gindin buhunan, ga alayyahu da ake tsinka yau a ci yau. Tana kuma kashe zuma mai barbarar fure, da 'yan ƙwarin nan jajaye masu ɗigon baƙi da ke cinye darɓa kyauta. In abin ya gagara, ɗauki ganyen da ya kamu ka kai wa malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, ya gani. In ya ba ka magani, ka tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci, ka kuma kulle ragowar inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Gara fa, da akuyar maƙwabta?

Gara busasshen abu take bi, don haka a ɗora buhu a kan bulo, a barbaɗa toka a kewaye, a rage ciyawar rufi in an ga ta soma gini. Akuya kuwa ba ta jin bedi ba ta jin toka. Maganinta darni na kara, ko tsohon gidan sauro a kafa shi da sanduna huɗu. Shi gidan sauron yana tare fara da kaji, har ya ɗan rage wa latas rana.